Babi na Shida: 'Yar'uwar Ɗinya da Ta Mamaye Gaɓar Karolina

Tsakanin inda igiyar teku ke tsayawa da inda ƙasar noma ke farawa akwai wani siririn fili na rairayi da yawancin tsirrai ba sa iya zama a cikinsa. Iska na kwaso gishiri tana watsa wa ganye, rana na gasa yashi har ya gagari tafin ƙafa, ruwan sama kuwa da ya sauka sai ya zurare, ba laka ba taki. Yau yashi ya binne tsiro, gobe iska ta tone masa saiwa. Tsirran da suka iya wannan zama ba su da yawa. Shi ya sa mutum zai bar gaɓar Indiya ya sauka a arewacin Ostireliya ko a Hawai, tafiyar dubban kilomita, ya tarar da kusan irin tsirran da ya baro suna kwance a bakin ruwa.

Ɗaya daga cikinsu ita ce wadda masana ke kira Vitex rotundifolia, sunan da ɗan Linnaeus, masanin nan na ƙasar Suwidin, ya raɗa mata a farkon shekarun 1780. Dangin Vitex sun kai iri 250 a duniya, kuma Bahaushe ya san ɗaya daga ciki sani na haƙiƙa: ɗinya, wadda ake shan 'ya'yanta, a yi maɗi da su, a ci ɗinkin da ta toho. To amma ɗinyarmu bishiya ce mai tsawo da inuwa, ganyenta a rarrabe yake gida biyar. 'Yar'uwarta ta bakin teku, wadda za mu kira ɗinyar gaɓa a wannan babi, ba ta cika wuce gwiwar mutum ba. Yaɗo take yi a kan yashi kamar kabewa, sai dai reshenta itace ne mai tauri, kuma duk gaɓar da ta taɓa ƙasa sai ta saki saiwa a wurin.

Ganyenta guda-guda ne, mai ɗan zagaye, tsawonsa santimita 2 zuwa 6. Samansa kore ne mai toka-toka, ƙasansa kuwa fari-fari saboda wani lallausan gashi da ya lulluɓe shi, wanda ke kare shi daga gishiri da ƙunar rana. In ka tsinki ɗaya ka murtsuke tsakanin yatsu, wani ƙamshi mai yaji zai tashi ya ratsa hanci, kuma ya daɗe a hannu ko bayan an wanke. Ba abin mamaki ba ne, domin masana sun sa dangin Vitex a gida ɗaya da na'a-na'a da ɗaɗɗoya. Da zafi ya kama sai ta fitar da ƙananan furanni masu launin shuɗi da ya karkata zuwa shanshanbale, a tattare a kan reshe, daga baya su zama 'ya'ya ƙulu-ƙulu da faɗinsu bai wuce rabin santimita ba, masu baƙi idan sun nuna. Babu tsoka mai zaƙi a jikinsu irin ta ɗinya. Busassu ne, marasa nauyi, kowane da ɗakuna huɗu na iri, kuma an shafe bayansu da wani abu mai kama da kaki. Jefa su a ruwa, sai su tashi sama su bi igiya. Da wannan dabara ta isa tsibiran da ba wanda ya kai ta.

A ƙasashenta na asali mutuniyar kirki ce. Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin sun daɗe suna busar da 'ya'yanta, waɗanda suke kira man jing zi, don ciwon kai da mura da jan ido. A Koriya da Japan akan cusa su cikin matashin kai saboda ƙamshinsu, da imanin cewa suna sauƙaƙa ciwon kai su kawo barci. Mutanen gaɓa sukan ƙona ganyen don hayaƙinsa ya kori sauro, kuma a shekarar 1995 wasu masu bincike na Japan sun tace wani sinadari daga ganyen, suka sa masa suna rotundial, suka nuna cewa lallai sauro na gudunsa. A Hawai sunanta pohinahina. Ana saƙa ta cikin kambun furanni da ake rataya wa baƙi a wuya, ana kuma dasa ta a gaban otal-otal da gefen hanya don ba ta buƙatar ban-ruwa sosai. A duk waɗannan wurare tana zaune ne cikin sauran tsirran gaɓa, ta ci nata rabo ta bar musu nasu.

Labarin ya sauya ne da ta isa gabashin Amurka. An shigo da ita ƙasar tun shekarun 1950, amma ta tsaya a lambunan bincike ba wanda ya kula da ita. A 1985 aka yi wata tafiyar tattaro tsirrai zuwa Koriya ta Kudu, cikin tawagar har da J. C. Raulston, malamin ilimin lambu a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da ke Raleigh. Raulston mutum ne da ya yi suna wajen kyauta. Burinsa shi ne ya faɗaɗa irin tsirran da ake samu a lambunan Amurka, don haka duk abin da ya samo mai kyau sai ya raba wa masu gandun renon tsirrai, su yaɗa su sayar. Ɗinyar gaɓa na cikin abin da lambun jami'ar ya tallata: ga fure, ga ƙamshi, ba ta tsoron gishiri, ba ta tsoron fari. Raulston ya rasu a haɗarin mota a 1996, kafin jama'a su ga abin da za ta zama, kuma lambun yana ɗauke da sunansa a yau.

Wataƙila da ta ƙare a matsayin tsiron ado kawai, ba don guguwar Hugo ba. A daren 21 ga Satumba 1989 wannan guguwa ta faɗa wa gaɓar Karolina ta Kudu kusa da birnin Charleston, ta tura ruwan teku sama har kimanin mita 6 a wasu wurare. Ta rushe gidaje, ta kuma share tuddan yashin da ke tsakanin gidajen da teku. Waɗannan tuddai su ne garkuwar duk mai gida a bakin ruwa. Da aka zo sake tara su, sai aka shiga neman abin da za a dasa ya riƙe yashin. Abin da aka saba da shi wata doguwar ciyawa ce ta asalin yankin, Uniola paniculata, mai kai irin na hatsi, amma buƙata ta yi yawa, dashenta ya yi ƙaranci. Masu gyaran lambu suka juya ga baƙuwar nan ta Koriya, wadda ke kama ƙasa da wuri ta rufe fili cikin ɗan lokaci. A farkon shekarun 1990 aka yi ta dasa ta a gaban gidajen hutu.

Kusan shekara goma ba a cika jin kanta ba. Cikin waɗanda suka fara ɗaga murya akwai masu aikin sa kai da ke fita da asuba suna sintiri a bakin teku don lura da sheƙar kunkurun teku. Akwai wani babban kunkuru mai ƙaton kai, Caretta caretta, da ke zuwa wannan gaɓa daga watan Mayu zuwa Agusta. Macen takan fito daga ruwa da dare, ta ja jiki da ƙyar zuwa gindin tudun yashi inda ruwa ba ya kaiwa, ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ta zuba ƙwai sama da 100, ta rufe ta koma. Bayan wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe, su tono kansu da dare, su ruga zuwa inda suka hango hasken ruwa. Kowane bai kai tafin hannun yaro ba. Masu sintirin suka lura cewa daidai inda uwar ke haƙa ramin, nan ne rassan ɗinyar gaɓa suka gangaro suka saƙa tabarma ta itace da saiwa. Suka kawo rahoton 'ya'yan kunkuru da suka maƙale cikin rassan har rana ta fito ta kashe su. Wannan kunkuru yana cikin dabbobin da dokar Amurka ta ba kariya tun 1978, kuma jihar Karolina ta Kudu ta ɗauke shi a matsayin ɗaya daga cikin alamominta. Taɓa shi taɓa zuciyar jama'a ne. Ina ganin da wata ciyawa ce kawai ke ɓacewa, da an ƙara shekaru kafin hukuma ta motsa.

Ciyayin ma suna ɓacewa. Masu bincike na Jami'ar Clemson, waɗanda ke da cibiya kusa da Georgetown a wannan gaɓa, suka shiga auna abin da ke faruwa a tuddan. Suka tarar duk inda ta kafu, kusan ita kaɗai ce ke nan. Ganyenta na tare mafi yawan hasken rana, ƙananan tsirrai ba sa samun na tashi. Reshe guda na iya ƙara mita 3 a shekara, ya miƙe har ya kusa mita 20 daga uwar. A murabba'in mita ɗaya sukan ƙirga dubban 'ya'ya. Cikin tsirran da ta matse har da wani ɗan ƙaramin dangin alayyafo na bakin teku, Amaranthus pumilus, wanda tun 1993 gwamnatin tarayya ta sa shi cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa.

Abin da ya fi ba ni mamaki cikin binciken shi ne abin da take yi wa yashin kansa. In ka ɗebo yashi daga buɗaɗɗen fili ka ɗiga masa ruwa, nan take zai shanye. In ka ɗebo daga ƙarƙashin ɗinyar gaɓa ka ɗiga, sai ɗigon ya dunƙule ya zauna a sama yana ƙyalli, ya ƙi shiga. Kakin nan da ke jikin 'ya'ya da ganye shi ne ke zuba ya shafe ƙwayoyin yashi, ya mai da su masu ƙin ruwa. Ita tana da saiwar da ta riga ta nutsa ƙasa, ba ruwanta. Irin wata ciyawa da ya faɗo a sama kuwa ba zai sami laimar tsirowa ba. An ga wannan hali ya ci gaba a yashin har shekaru bayan an cire tsiron.

Duk wannan da sauƙi a ce ta yi aikin da aka ɗauko ta dominsa. Ba ta yi ba. Tudun yashi abu ne mai rai a ma'anar cewa kullum girma yake ko raguwa. Ciyawar asali tana tsaye ne da dogayen karare, iska ta kwaso yashi ta bugi kararen, ƙarfinta ya ragu, yashin ya zube a gindi. Binnewar da yashi ke yi mata ita ce ma ke sa ta ƙara toho, ta miƙa sama, ta bar saƙar ƙananan jijiyoyi a kowane hawa na tudun. Haka tudu ke tashi shekara bayan shekara, a ɗaure daga ciki. Ɗinyar gaɓa kuwa a kwance take, iska na wucewa ta samanta. Saiwarta kauri gare ta amma ba ta da wannan saƙa mai kama yashi. Ga shi kuma a yanayin Karolina tana zubar da ganye da hunturu, lokacin da iska mai ƙarfi ke bugowa daga arewa maso gabas, sai a bar tudu da tarin busassun rassa. In igiya ta ci gindin tudun, rassan su karye su bi ruwa, kowane guntu kuma yana iya kama ƙasa a wata gaɓar. Garin neman ƙiba an samo rama: mai gida ya biya kuɗi an dasa masa abin da ya kori mai tsaron gidansa na gaskiya.

A 2003 aka kafa kwamitin yaƙi da ita a Karolina ta Kudu, wanda ya haɗa jami'o'i da hukumomin gwamnati da masu sintirin kunkuru, daga baya Karolina ta Arewa ta shigo. Jama'a suka riƙa kiran ta kudzu ta bakin teku. Kudzu wani tsiro ne mai yaɗo daga Japan da gwamnatin Amurka ta taɓa biyan manoma kuɗi su shuka a shekarun 1930 don hana zaizayar ƙasa, ya ƙare da lulluɓe dazuzzuka da turakun lantarki a kudancin ƙasar, don haka sunan kaɗai ya isa ya tsorata mai sauraro. Ƙananan garuruwan gaɓa irin su Pawleys Island da Bald Head Island suka yi dokar hana dasa ta, kuma a 2009 Karolina ta Arewa ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi da aka haramta sayarwa da safararsu.

Kashe ta aiki ne na haƙuri. Sara kaɗai ba ya yi, don kututturen zai sake toho. Feshi daga sama ma akwai matsala, iska za ta kai maganin kan ciyayin da ake son ceto. Hanyar da aka fi bi ita ce a jira kaka, lokacin da tsiron ke janye abinci daga ganye zuwa saiwa. Ma'aikaci ya durƙusa a yashi da adda, ya bi reshe ɗaya-ɗaya yana kankare ɓawon har ɗanyen ciki ya bayyana, wani na biye da shi da soso a kan sanda yana shafa maganin imazapyr a kan raunin. Sai a tafi a bar ta watanni, maganin ya bi jijiya ya gangara. Bayan ta bushe a dawo a sassare, a kwashe rassan da kulawa kada 'ya'ya su zube ko guntu ya faɗa ruwa, sannan a dasa ciyayin asali. Ko an gama wannan, sai an riƙa dawowa ana tumɓuke ƙananan da ke fitowa daga irin da ya kwanta a yashi. Kuma da yake yawancin tuddan a gaban gidajen mutane suke, sai an bi mai gida an lallashe shi ya yarda a kashe abin da ya saya da kuɗinsa, wanda a idonsa kyakkyawan fure ne.

Shin ana iya hango irin wannan tun kafin a dasa? Amsar ita ce e, gwargwado. A ƙarshen shekarun 1990 Ostireliya ta fara aiki da wani ma'auni mai tambayoyi 49 da ake yi wa duk tsiron da ake son shigowa da shi, daga baya masana a Jami'ar Hawai suka gyara shi ya dace da tsibiran tekun Fasifik. Tambayoyin ba su da wani sirri. Irinsa na iyo a ruwa? Guntun reshensa na kama ƙasa? Yana yin iri da yawa? Irin na daɗewa a ƙasa bai mutu ba? Yana yin duhuwar da ke hana wasu tashi? In an sare shi yana sake toho? Ana ba kowace amsa maki, wanda ya haura 6 a ce mai haɗari ne. Duk wanda ya biyo mu zuwa nan ya san yadda ɗinyar gaɓa za ta amsa. Abin lura shi ne, waɗannan halaye su ne ainihin abin da ya sa aka zaɓe ta. Mai neman tsiron da zai rayu a mugun wuri yana neman mai saurin girma, mai taurin rai, mai yaɗuwa ba tare da an taimaka masa ba, kuma kusan siffar mugun ciyawa ke nan. Waɗanda suka kawo ta sun tambayi ko za ta rayu. Tambayar da ba a yi ba ita ce, in ta rayu, me zai tsayar da ita? Sai dai a yi musu adalci: ɗaya daga cikin tambayoyi masu nauyi a ma'aunin ita ce ko tsiron ya taɓa zama annoba a wani wuri, kuma a 1985 ɗinyar gaɓa ba ta da irin wannan tarihi. Mafi yawan baƙin tsirrai ma ba sa zama matsala. Da yawa daga abin da muke ci a yau, masara da rogo da gyaɗa da tumatir, daga nahiyar Amurka aka kawo su.

Hawai, inda ɗinyar gaɓa take 'yar gida, tana da nata baƙin. A farkon ƙarni na 20 wani ɗan itace mai ƙamshi na gaɓar Asiya, Pluchea indica, ya bayyana a tsibirin Oahu. A Indunusiya ana kiran sa beluntas, ana yin shinge da shi, a ci ganyensa da shinkafa, a Tailan kuma a yi shayi da shi. Daga baya ɗan'uwansa na yankin Karibiyan, Pluchea carolinensis, ya iso. Irinsu mai gashi ne, iska ke ɗaukarsa. Su biyun da teku ta raba tun fil azal suka haɗu a Hawai har suka yi barbara, suka haifar da wani iri na uku da aka sa wa sunan masanin tsirran tsibirai F. R. Fosberg. Suna cike fadamun bakin teku da duhuwa, suna cinye buɗaɗɗen taɓon da tsuntsayen ruwa na tsibiran ke kiwo da sheƙa a kai. A inda ake sare baƙin tsirrai don maido da na asali a gaɓar Hawai, pohinahina na cikin waɗanda ake dasawa.

Mu ma a bakin hamada mun taɓa neman tsiron da zai riƙe mana yashi. Prosopis juliflora, bishiya mai ƙaya daga nahiyar Amurka, 'yar'uwar ƙiryarmu, an kai ta Sudan a 1917, aka yaɗa ta sosai a shekarun fari don tare hamada, sannan a 1995 gwamnatin ƙasar ta ayyana ta a matsayin abin da za a kawar. A gabashin Nijar an dasa ta a ƙarshen shekarun 1970 don daskarar da tuddan yashi. Awaki da raƙuma suka ci 'ya'yanta suka baza irin cikin kashinsu, daidai lokacin da Tafkin Chadi ke janyewa yana barin ƙasa mai laima, sai ta bi ta cika wajejen N'guigmi da daji mai ƙaya, ta tare gonakin bakin tafki da hanyoyin kwalekwale.

Karolina ta yi sa'a ta fuskoki uku: an farga tun tsiron na kan siririn layi na bakin teku, akwai kuɗi da ma'aikata, kuma ba wanda abincinsa ya rataya a kansa. A Tafkin Chadi babu ko ɗaya daga ciki. Dajin ya wuce a bi shi da adda da soso, kuma dubban mutane sun riga sun dogara da shi wajen itacen girki da gawayi. Shi ya sa masana da hukumomin da suka yi aiki a can suka bar maganar kawar da bishiyar, suka koma ga rage ta ta hanyar amfani: a sassabe a yi gawayi da katako, a tara 'ya'yan a niƙa su zama abincin dabbobi, domin niƙan yana farfasa irin, ba ya kuma tsirowa a inda dabbar ta yi kashi.